ZAMAN MANUWA A ZAMANIN FILAFILAI

Cikin daminar shekarar 1826, a watan Yuli, zamanin Sarkin Zazzau Yamusa, waɗansu baƙi suka shigo birnin Zariya daga yamma. Shugabansu wani Bature ne mai suna Kilafatan, wanda mutanen ƙasar Hausa su ke kira Abdullahi. Yana kan hanyarsa ta zuwa Kano, daga can kuma ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tare da shi akwai baransa Landa, da kuma tafintansa, wani Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa su ke kira Fasko.

Kilafatan hafsa ne na jiragen yaƙin ruwa na Ingila. An haife shi a ƙasar Sikotilan cikin 1788, ya fara aikin jirgi tun yana ɗan shekara 13. Abubakar kuwa tun yana saurayi aka kama shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har bakin teku, aka sa shi cikin jirgin bayi. Wani jirgin yaƙi na Ingila ya tare jirgin nan, ya kuɓutar da waɗanda ke ciki. Daga nan Abubakar ya kama aikin jirgin yaƙi, a can ya koyi Turanci.

Watau dukansu biyu sun daɗe suna zaune a wani irin gida wanda mutanen Zariya na zamanin ba su taɓa gani ba, gidan katako mai yawo bisa ruwa. Irin wannan jirgi shi a ke kira manuwa. Ga yadda zaman cikinsa ya ke.

Siffar jirgin

A zamanin nan manuwa ba ta da inji. Iska ce ke tura ta. A kan kafa dogayen jigogi uku a tsakiyar jirgi, a ɗaura musu manyan zannuwa masu kauri waɗanda a ke kira filafilai. In iska ta buso ta cika su, sai jirgi ya tafi. In iska ta tsaya, jirgi ma sai ya tsaya cik a tsakiyar teku, wani lokaci kwana da kwanaki.

Manuwar da ta fi suna ita ce Biktori, ma'anar sunan kuwa Nasara. An sa ta a ruwa cikin 1765. An sare itatuwa wajen 6,000 kafin a gama ta. Tsawon benenta na igwa ƙafa 186 ne, watau ya ɗara rabin filin ƙwallo kaɗan. Babban jigonta ya fi ƙafa 200 daga fuskar ruwa, babu rimin da ya kai shi tsawo a birnin Zariya. Tana da igwa 104, an jera su hawa hawa, ko wace igwa da 'yar tagarta. A cikin wannan wuri mutum fiye da 800 su ke ci, su ke sha, su ke kwana, wata da watanni ba su taka ƙasa ba.

Mutanen jirgi

Shugaban jirgi shi ne kyaftin. Maganarsa ita ce doka, ba mai tsallake ta. Yana da ɗakinsa shi kaɗai can bayan jirgi, inda a ke samun haske da iska. A ƙarƙashinsa akwai laftanoni, da masanin hanya mai lura da inda jirgi ya dosa, da likita, da kafinta, da sarkin igwa, da ma'aji, da kuku. Akwai kuma sojoji masu jan kaya, su ke gadin ƙofar kyaftin da ɗakin albarushi. Sauran jama'a kuwa, su ne mafi yawa, matuƙa ne masu jan igiya da hawan jigo.

Har yara ma akwai. 'Ya'yan masu hali su kan shiga domin koyon aikin hafsa. Ana koya musu lissafi da sanin taurari, sai yaro ya yi shekara 6 a teku kafin a yarda ya zauna jarrabawar zama laftana. 'Ya'yan talakawa da marayu kuwa su ke yi wa hafsoshi barantaka. Waɗansunsu ba su wuce shekara 12 ba, tsaran 'yan aji shida ke nan.

Ba dukan matuƙa ne suka shiga da son ransu ba. In yaƙi ya tashi aka rasa mutane, sai a aiki ƙarfafa su bi garuruwan bakin teku, su tare jiragen fatake, duk matuƙin da suka samu su kama shi, a kai shi manuwa tilas. Wani ya fito ke nan daga doguwar tafiya, bai ko ga iyalinsa ba, sai a sake komar da shi teku. Bayan da aka gama yaƙi da Faransa cikin 1815 ba a ƙara yin wannan kamu ba.

Yadda a ke raba yini

Jirgi ba ya barci, saboda haka a kan raba matuƙa rukuni biyu. Rukuni ɗaya ya yi awa huɗu yana aiki, sa'an nan ya sauka, ɗayan ya hau, haka dare da rana. Da yamma, daga ƙarfe huɗu zuwa takwas, a kan raba awa huɗun nan gida biyu, domin juyi ya sauya, kada mutum ɗaya ya yi ta gadin tsakar dare kullum. Saboda wannan tsari matuƙi ba ya samun barcin da ya wuce awa huɗu a jere. In kuwa hadari ya taso, sai a tashi kowa da kowa.

Da kwalabar yashi su ke auna lokaci. Kwalaba ce mai ciki biyu da siririn wuya, yashi na zuba daga sama zuwa ƙasa cikin rabin awa. Da ya ƙare sai a juya ta, a kaɗa ƙararrawa. Rabin awa na fari bugu ɗaya, na biyu bugu biyu, har a kai takwas. Bugu takwas shi ne alamar awa huɗu ta cika, masu aiki su sauka.

Tun da asuba a ke fara wanke daɓen jirgi. Matuƙa su kan durƙusa, su zuba yashi da ruwan teku, su yi ta gurzawa da dutse har katako ya yi fari. Da ƙarfe takwas a karya kumallo da wani irin kunu mai kauri. Sa'an nan a shiga gyaran igiya, da ɗinkin filafilai, da koyon harba igwa. Da rana ta take tsaka sai hafsoshi su fito da abin awo su auna tsayinta, da haka su ke sanin nisan da suka yi kudu ko arewa. Daga nan a ci babban abincin yini.

Aikin da ya fi tsanani shi ne hawan jigo. In iska ta yi ƙarfi wajibi ne a naɗe filafilai, in ba haka ba jigo ya karye ko jirgi ya kife. Sai samari su hau tsanin igiya, su bi sandar da ke gicciye, ƙafafunsu bisa igiya guda, cikinsu jingine da sanda, suna jawo zane mai nauyi da hannu biyu, ga duhu, ga ruwan sama, jirgi kuwa na tangaɗi. Wanda ya faɗo bisa katako da wuya ya tashi. Wanda ya faɗa teku da dare da wuya a same shi, balle da ya ke matuƙa da yawa ba su iya iyo ba.

Wurin kwana

Matuƙa ba su da gado ko tabarma. Ko wane yana da wani zane mai kauri kamar tamfol, da igiya a kai da gindi, wanda ya ke ratayawa jikin katakon rufi a bisa igwa, ya kwanta ciki kamar lilo. Amfaninsa shi ne, ko yaya jirgi ya karkata, mai barci ba ya faɗuwa. Faɗin wurin da doka ta ba ko wane mutum inci 14 ne kawai. Ku auna inci 14 da rula bisa bencinku, ku ga ko ƙato zai iya juyi a ciki. Sauƙin abin dai shi ne, rabin mutane suna bisa suna aiki, saboda haka na ƙasa ya kan sami wurin maƙwabcinsa. In ana ruwa ko raƙuman ruwa sun yi girma a kan rufe tagogi duka, sai wurin ya yi duhu da zafi da ɗoyi. Da safe kowa ya naɗe nasa, ya kai sama a jera.

Ci da sha

A zamanin nan babu firji, saboda haka sai abincin da ba ya saurin lalacewa. Ko wane matuƙi ana ba shi biskit laba ɗaya kullum. Biskit ɗin ba irin na kanti mai zaƙi ba ne. Gari ne da ruwa, an gasa shi har ya yi tauri kamar tsingaro, sai an jiƙa ko an fasa kafin ya tauno. In ya daɗe sai ƙwari su shige shi, mai ci ya ƙwanƙwasa shi bisa tebur su zubo tukuna. A mako guda kuma ana ba mutum naman sa laba huɗu, da naman alade laba biyu, irin na al'adar Turawa, duka an jiƙe su da gishiri cikin gangunan katako. Akwai kuma wake, da cuku, da man shanu. Matuƙa su kan haɗu takwas takwas ko goma goma su ci tare bisa wani allo da a ke ratayawa tsakanin igwa biyu. Hafsoshi kuwa su kan tafi da kaji da awaki da tumaki a cikin jirgi.

Abincin yana da yawa, gama talakan Ingila na zamanin ba ya samun nama kamar haka a gida. Wahalar ita ce kullum abu ɗaya ne, babu ɗanyen ganye, babu 'ya'yan itace. In hadari ya yi ƙarfi kuma kuku ya kan kashe wuta, don kada gobara ta tashi, sai a ci abinci da sanyinsa.

Abin mamaki shi ne, ga ruwa ko ina, amma ƙishirwa na iya kashe mutum, domin ruwan teku gishiri ne, ba ya shayuwa. Ruwan sha a ganguna a ke ɗaukarsa, in ya yi makonni sai ya yi kore ya yi wari. Ana auna wa kowa rabonsa, ba a yarda a yi wanki da shi ba. Saboda lalacewar ruwa a kan ba matuƙa giya kullum, wannan kuwa ya jawo maye da faɗa da faɗuwa daga jigo. Sai cikin 1970 aka daina raba barasa a jiragen yaƙin Ingila.

Cutar da ta fi igwa kisa

Abokin gaban matuƙi na fari shi ne cuta. Akwai wata wadda Turawa ke kira sikabi. In jirgi ya yi wata biyu ko uku a teku sai ta fara. Dasashin mutum ya kumbura yana zub da jini, haƙora su yi girgiɗi su zube, tsofaffin miyaku su sake buɗewa, jiki ya mutu, daga nan sai ajali. Cikin 1740 wani shugaba mai suna Ansan ya tashi daga Ingila da mutum wajen 1,900. Sa'ad da ya komo cikin 1744, bayan ya kewaye duniya, fiye da 1,000 sun mutu, yawancinsu kuwa cuta ce ta kashe su.

Cikin 1747 wani likitan manuwa, Jems Lind, ya yi wata dabara. Ya ɗauki marasa lafiya 12 masu wannan cuta, ya raba su biyu biyu, ko waɗanne biyu ya ba su magani dabam, abincinsu kuwa iri ɗaya. Biyun da ya ba lemun zaƙi da lemun tsami su ne suka warware da sauri. Ya rubuta abin da ya gani cikin 1753, amma manya ba su kula ba sai cikin 1795, sa'ad da aka fara raba ruwan lemun tsami ga matuƙa. Ba a daɗe ba cutar ta kusa ɓacewa daga jiragensu. Daga baya masana suka gane dalili. Akwai wani abu da jiki ke bukata, ana kiransa bitamin C, ana samunsa cikin lemu da gwaiba da mangwaro da tumatir da ɗanyen ganye. Watau lemun tsamin da a ke kasawa a kasuwar Zariya shi ne maganin da dubban mutane suka mutu don rashinsa.

Horo da albashi

Dokar manuwa mai tsanani ce, a kan karanta ta a gaban kowa don kada wani ya ce bai sani ba. Wanda ya yi maye, ko sata, ko barci a wurin gadi, sai a tara jama'a duka, a tuɓe masa riga, a ɗaure shi, a yi masa bulala da wata tsumagiya mai harshe tara. Bulala goma sha biyu ta isa ta farfasa bayan mutum. Wanda ya gudu ko ya yi tawaye ana iya rataye shi. Cikin 1879 aka dakatar da wannan bulala.

Albashin gwanin matuƙi sule 24 ne a kwana 28. Tun 1653 ba a ƙara ko anini ba, har shekara 144, alhali kuwa kaya sun yi tsada. Cikin 1797 matuƙan jiragen da ke tsaye kusa da Fotsmut suka haɗa baki suka ƙi ɗaga anka. Suka zaɓi wakilai suka kai kukansu, suka kuma ce in abokan gaba sun fito za su fita su tare su. Hukuma ta ga gaskiyarsu, ta ƙara albashi, ta yafe musu.

Ranar yaƙi

Da an hango jirgin abokan gaba sai a buga ganga. Nan da nan a kwashe tebura, a kashe wutar kuku, a watsa yashi bisa daɓe don kada jini ya sa santsi. Babbar igwa nauyinta ya kusa tan uku, tana jefa dunƙulen ƙarfe mai laba 32, sai mutum goma ko fiye sun taru su ke iya jan ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko wane da aikinsa, wani ya share bakin igwa, wani ya ɗura albarushi, wani ya sa harsashi, sauran su ja igiya. Yara su ke gudu suna ɗauko albarushi daga can ƙasa. In harsashi ya bugi jirgi, tsagin katako ya kan tashi kamar masu, shi ya fi yi wa mutane rauni. Likita yana can ƙarƙashi da fitila, yana yanke hannu ko ƙafar da ta ragargaje, mai rauni kuwa ido biyu, gama ba a san maganin sa barci ba tukuna.

Ran 21 ga Oktoba, 1805, jiragen Ingila 27 suka kara da jirage 33 na Faransa da Sifen a Tarafalga. Ingila ta ci nasara, amma shugabansu Nelsan ya mutu a cikin Biktori. A jirgin nan kaɗai an kashe mutum 57, aka yi wa 102 rauni. Matuƙin da ya mutu a teku a kan ɗinke shi cikin zanen kwanansa, a sa ƙarfe wajen ƙafafunsa, a yi masa addu'a, a saka shi ruwa.

Manuwa a bakin tekunmu

Shekaru da yawa Turawan Ingila suna cikin manyan masu cinikin bayi, manuwarsu kuwa tana tsaron wannan ciniki. Cikin 1807 suka yi dokar hana shi ga mutanensu. Daga 1808 suka aiko da jiragen yaƙi su yi ta sintiri a bakin tekun Afirka ta Yamma. Cikin shekara hamsin da 'yan kai suka kama jiragen bayi wajen 1,600, suka kuɓutar da mutum wajen 150,000. Yawancinsu a Firitawun ta ƙasar Saliyo aka sauke su, a cikinsu kuwa har da Hausawa da Barebari da Nufawa da Yarabawa. Matuƙan jiragen nan da yawa zazzaɓi ya kashe su, domin a lokacin ba a san sauro ke kawo shi ba. Amma igwar da ta tare jirgin bayi ita ce kuma ta harbi Ikko cikin Disamba 1851, bayan shekara goma Turawa suka karɓe garin.

A cikin irin wannan manuwa, mai suna Birezin, Kilafatan da Landa da Abubakar suka taso daga Ingila cikin Agusta 1825. Suka sauka Badagiri, suka tashi daga can cikin Disamba, suka ratso ƙasar Yarabawa, suka ƙetare Kwara, har suka iso Zariya. Kilafatan bai koma teku ba, ya rasu kusa da Sakkwato ran 13 ga Afrilu, 1827. Landa da Abubakar suka koma bakin teku. Cikin 1830 suka sake tafiya tare, suka bi Kwara da kwalekwale har inda ta faɗa teku.

Daga baya inji ya maye gurbin iska, ƙarfe ya maye gurbin katako, zamanin filafilai ya wuce. Biktori dai tana nan a Fotsmut, an fid da ita daga ruwa tun 1922, mutane suna zuwa kallo.

Tambayoyi

1. Su wane ne baƙin da suka shigo Zariya cikin 1826? Mene ne ya haɗa biyu daga cikinsu da manuwa?
2. Me ke tura jirgi mai filafilai? Me ya kan faru in abin ya tsaya?
3. Yaya matuƙa su ke sanin awa huɗu ta cika?
4. Don me Likita Lind ya raba marasa lafiya biyu biyu, ya kuma ba su abinci iri ɗaya?
5. In matuƙi ɗaya yana cin biskit laba ɗaya kullum, laba nawa mutum 800 za su ci cikin kwana 30?
6. Ku nemi Badagiri da Firitawun da Zariya da Sakkwato a taswira.